Tarihin Irin Masara a Arewa: Daga Bayan Gida Zuwa Dawanau, da Maganar Karan da Aka Bari a Baya

Duk shekara idan bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa, tambaya ɗaya ce ke yawo a nan Facebook da zaurukan WhatsApp: wane irin masara ya fi? Wannan ya ce SAMMAZ 15, wancan ya ce Oba Super, wani ya ce sai na kamfanonin waje, wani ya ce TELA, wani kuma ya ce wanda duk ya shuka TELA ya sayar da jikokinsa. Yanzu tambayar ta ƙara zafi, domin a 2025 masara ta faɗi warwas a kasuwa, taki kuma ya ƙi saukowa. Wanda zai zuba albashinsa ko kuɗin sansa a gona dole ya yi lissafi sau biyu.

Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Abin da nake so in nuna shi ne, duk irin masarar da ya taɓa karɓuwa a ƙasar nan an samar da shi ne don ya magance wata matsala takamaimai, a wani wuri, a wani lokaci. Idan ka san matsalar da aka yi iri dominta, za ka gane ko naka ne ko na wani. Akwai kuma matsala guda da har yau ba a ba ta haƙƙinta ba wajen zaɓen iri, wato abincin dabba.

MASARA BAƘUWA CE

Gero da dawa su ne namu na gado, a nan Afirka aka fara noma su. Ita masara a kudancin Meksiko mutane suka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji da ake kira teosinte. Ba ta tsallako teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Masana tarihi sun nuna hanya biyu ta bi ta shigo Afirka ta Yamma. Ɗaya ta jiragen ruwan Fotugal zuwa gaɓar teku. Ɗayar kuma ta Bahar Rum zuwa Masar, daga can ta biyo fatake da alhazai ta Sahara da Borno har ta iso ƙasar Hausa. Sunan da muke kiranta da shi ma shaida ne: masara, abin da ya fito daga Masar. Wadda ta biyo wannan hanya ta arewa mai taurin ƙwaya ce, mai saurin nuna, yawanci ja ko ruwan ɗorawa.

Ta shekara ɗaruruwa a cikinmu ba ta zama abincin gida ba. Wurinta bayan gida ne da gefen garka, inda toka da shara da kashin dabbobi ke taruwa, saboda masara ba ta jure yunwar ƙasa kamar yadda gero da dawa ke jurewa. Amfaninta a lokacin shi ne ta nuna cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, a gasa a dafa a ba yara. Saboda haka abin da kakanninmu ke dubawa wajen ajiye iri abu biyu ne: saurin nuna da zaƙi. Ba wanda ke lissafin buhu.

Turawan mulkin mallaka ma ba ta gabansu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka sa a gaba. Tashar binciken noma ta Samaru da aka buɗe a 1922, wadda ta zama cibiyar IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fi mayar da hankali kan auduga da gyaɗa da dawa. Abin da ya tilasta aka fara binciken masara da gaske a Afirka ta Yamma annoba ce. A 1949 wata cutar tsatsar ganye da ta fito daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Saliyo, cikin 'yan shekaru ta mamaye gonakin masara na gaɓar teku. Sai da aka koma Amurka ta Tsakiya aka ɗebo irin da ke jure cutar. Ka ga tun daga farko, matsala ce ke haifar da sabon iri.

SHEKARUN FUNTUA

Juyin gaske ya zo ne a shekarun 1970, kuma abubuwa da yawa ne suka haɗu lokaci guda. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza Arewa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da fari ya bari, dalar gyaɗa ta zama labari. Manomi ya rasa amfanin da zai sayar ya sami kuɗi. A daidai lokacin gwamnati na da kuɗin mai, ga kuma cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta fito da wani farin iri mai suna TZB, mai jure tsatsa da ƙonewar ganye, wanda ya dace da yanayin Zariya da Funtua.

A 1975 aka fara manyan ayyukan raya noma na Funtua da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Aka yi hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da ƙauyuka, aka baza malaman gona. Gwamnatin Obasanjo ta zo da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari ta zo da nata a 1980, kuma a waɗannan shekarun gwamnati ce ke biyan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin taki. Nan aka gano abin da ba a lura da shi ba a da: idan akwai taki, masara ta fi son Arewa a kan Kudu. Rana ta fi yawa, dare ya fi sanyi, cututtuka sun fi sauƙi, kaka kuma busasshiya ce, hatsi na bushewa a gona.

TZB ya ƙara da wasu abubuwa da suka sa mata suka karɓe shi. Fari ne, tuwonsa na fita fes. Injin niƙa ya shiga ƙauyuka, wahalar daka ta ragu. Ɓawon goyo na kare tsaba daga tsuntsaye, abin da gero da dawa ba su da shi. Binciken da masana suka yi a ƙauyukan wannan yanki a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna masara ta zama babban abinci a kusan dukkansu, kuma ita ce abin sayarwa a mafi yawansu. Ƙasar da a shekarun 1970 ba ta kai tan miliyan 2 a shekara, zuwa 1990 ta haura miliyan 5, yau ana maganar miliyan 11 zuwa 12. Dandume, Bakori, Giwa, Soba, Saminaka, Biu, duk masara ce ta ƙara ɗaga kasuwanninsu.

Amma a riƙe wannan da kyau: TZB bai zo shi kaɗai ba. Da buhun taki mai araha ya zo, da hanya, da malamin gona. Wanda ya ɗauki irin ya bar takin, dawarsa ta fi masa.

ZUWAN IRI MAI AURE

A farkon shekarun 1980 wata cuta mai zana wa ganye fararen layuka, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, ta yi ɓarna sosai, musamman 1983 da 1984. IITA ta sa juriyar cutar a cikin irinta, har aikin ya ci mata lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. A wannan tsakanin ne kuma aka fara fitar da iri mai aure, wato haibirid, a Najeriya. Daga cikinsu aka sami Oba Super 1, fari, da Oba Super 2, ruwan ɗorawa, waɗanda kamfanin Premier Seed na Zariya ya yi suna da su.

Bari in ɗan yi bayanin mai aure, don a nan ake yawan rikicewa. Dabarar daga Amurka ta fito. George Shull ya nuna a 1908 cewa idan ka tsarkake layin masara biyu daban-daban na shekaru, sannan ka aurar da su, 'ya'yan farko kan fi iyayen ƙarfi da yabanya nesa ba kusa ba. Henry Wallace ya kafa kamfanin sayar da irin a 1926, kafin ƙarshen shekarun 1940 ya mamaye manyan jihohin masara na ƙasar. Sharaɗin dai shi ne, wannan ƙarfi na 'ya'yan farko ne. Idan ka ɗebi iri daga abin da ka girbe ka sake shukawa, zai tsiro, amma jikokin sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Shi ya sa ake sayen sabo duk shekara. Irin su TZB da yawancin SAMMAZ na farko kuwa ba masu aure ba ne, manomi na iya ajiye irinsa ya maimaita shekara biyu zuwa uku idan gonarsa ba ta manne da ta wani iri ba.

Amurkawan ma sun sha darasi mai ɗaci. A 1970 wata cutar ganye ta cinye kimanin kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar gaba ɗaya, saboda mafi yawan irin da aka shuka tsatsonsu ɗaya ta wajen uwa, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Duk mai cewa a tattara ƙasa kacokan a kan iri ɗaya, ya tuna da wannan shekara.

Kasuwa ma ta sauya a shekarun. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da masara da shinkafa a 1985, ta hana alkama a 1987, masana'antu suka koma neman masarar gida. Kiwon kajin gidan gona ya bunƙasa, kuma fiye da rabin abincin kaza masara ce. Daga nan launi ya zama maganar kuɗi: fara ta tuwo da kamu, ruwan ɗorawa ta masu kaji, domin ita ke sa gwaiduwar ƙwai ta yi launi.

DA TAKI YA TSERE

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, a 1997 aka janye tallafin taki ɗungurungum, kafin a maido da wani ɓangare a 1999. Ƙasar da aka shekara ashirin ana shuka mata masara a kan masara ta gaji. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya samu wuri. Duk manomi ya san shi: furensa gwanin kyau, amma tun yana ƙarƙashin ƙasa ya riga ya manne a saiwa ya shanye shukar, kuma a gajiyayyar ƙasa ya fi ɓarna.

Amsa ta zo ta fuska biyu. Shirin Sasakawa, na attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ya shigo Kano da Kaduna a 1992. Shi ya koya wa mutane shuka ƙwaya ɗaya a rami, tazarar santimita 25 a kan kunya mai faɗin 75, da binne taki maimakon watsawa. Har yau akwai ƙauyukan da ake ce wa wannan tsari shukar Sasakawa. Su kuma masanan Samaru da IITA suka shiga fitar da iri masu jure ƙuduji, irin su SAMMAZ 11 da 15 da 16.

Sai kuma maganar ruwa. Masarar Funtua mai kwana 110 zuwa 120 ce, ta dace da inda ake samun ruwan sama milimita 1,000 ko fiye. Daura da Gumel da arewacin Sakkwato ba su da wannan damina. Don su aka yi masu saurin nuna, na kwana 90 zuwa 95 kamar SAMMAZ 27 da manoma suka fi sani da EVDT, da na kwana 80 zuwa 85 kamar SAMMAZ 28 da 29. Waɗannan su suka kai masara ƙasar gero. Aka kuma yi iri don lafiyar masu ci. Obatanpa, wanda aka fitar a Ghana a 1992, furotin ɗinsa ya fi na masarar da aka saba amfani ga jiki, a nan shi ne SAMMAZ 14. Daga baya aka kawo masu launin lemo da ke ɗauke da sinadarin bitamin A. Kowane lamba da kake gani a jikin leda, amsar wata tambaya ce da aka taɓa yi.

TSUTSA DA RIGIMAR TELA

A farkon 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka a kudu maso yammacin Najeriya, mai shiga cikin kan masara ta cinye ƙunshin ganye. Cikin shekara biyu ta game yawancin Afirka. Manoman da ba su taɓa fesa wa masara maganin ƙwari ba suka koma feshi sau biyu, sau uku a damina guda. Wannan ita ce matsalar da TELA ya zo amsawa. IAR ce ta yi aikin tare da gidauniyar AATF, hukumar kula da amincin fasahar halittu ta ba da izini a 2021, a Janairun 2024 aka saki iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T. An sa musu ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, yadda tsutsa idan ta ci ganyen za ta mutu, an kuma haɗa da juriyar fari.

Ra'ayina a kan rigimar shi ne ana ɓata ƙarfi a inda bai kamata ba. Masu cewa ba ya tsirowa idan an sake shukawa, TELA mai aure ne, hukuncinsa a wannan fanni ɗaya da na Oba Super da muke shukawa shekara da shekaru: zai tsiro, amfanin ne zai ragu. Tambayoyin da suka cancanci a matsa wa hukuma su ne: nawa ne kuɗin irin idan an kwatanta da kuɗin feshin da zai rage? Wa ke riƙe da iyayen irin, kuma kamfanonin gida nawa ke da damar haɗa shi? Za a riƙa rubutawa a jiki don mai saye ya san abin da yake saye? Wane shiri aka yi don kada tsutsar ta saba da shi? Wannan ta ƙarshen ba hasashe ba ce, a Afirka ta Kudu tsutsar kara ta saba da irin wannan masara, an tabbatar da haka tun 2007. Wanda ya gamsu ya shuka, wanda bai gamsu ba akwai iri da dama a gabansa.

TO, INA MAGANAR KARA?

Idan ka bi duk tarihin nan, za ka ga ma'auni ɗaya ake amfani da shi: buhu nawa a hekta. Alhali gonar masara abu biyu take bayarwa. A ingantaccen iri, nauyin kara da ganye da ɓawo da totuwa ya kai kusan nauyin tsabar. Rabin abin da takinka ya gina kenan.

A ƙasashen da ke kiwon shanun madara sun daɗe da raba wannan lissafi. Wani manomi Bafaranshe, Auguste Goffart, ya wallafa littafi a 1877 kan yadda ake yanka masara tana ɗanya, kara da goyo gaba ɗaya, a daddatsa, a danne a rami a toshe iska, ta yi tsami ta ajiyu har rani. Shi ne sailej. Daga nan aka fara zaɓen iri na musamman don wannan aiki: mai yawan ganye, mai laushin kara, wanda tumbin saniya zai iya narkarwa. Akwai ma wani nau'i mai jan jijiyar ganye da aka gano a Amurka a 1924, karansa ya fi narkewa, amma ya fi saurin kwanciya idan iska ta kaɗa. Irin tsaba kuwa ana so karansa ya yi tauri ya tsaya har ya bushe. Ka ga buƙatun biyu suna jan juna, shi ya sa a can mai sayen iri yakan faɗi tun farko ko na tsaba yake so ko na sailej.

Mu a nan tsarinmu daban ne, kuma ya yi aiki a zamaninsa. Bayan girbi Fulani su shigo da shanu su ci kara da karmami, su bar wa gona taki, wani lokaci ma mai gona ne ke ba da hatsi don a kwana masa a gona. Akwai daji, akwai burtali, akwai makiyaya, har gwamnatin Jihar Arewa ta yi musu doka a 1965. Gonar kiwo ta Shika, wadda ta zama cibiyar NAPRI, tun 1928 take, a shekarun da aka fara koya wa manoma huɗa da shanu. To yau fa? Daji ya zama gona, burtali ya tsuke, kowane gida na da tumaki da awaki ko sa na turka. Karan da ake bari kyauta yanzu ɗaure shi ake a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, a watan Maris da Afrilu a sayar da shi da tsada. Rigingimu da yawa tsakanin manomi da makiyayi a lokacin kaka a kan wannan karan ake yinsu.

Sannan masara da ta ture dawa daga gonaki ta rage wani abu da ba a lissafa ba. Dawa na kaiwa har ƙarshen damina, a girbe ta cikin rani, karanta ya bushe lafiya. Masara mai saurin nuna kuwa ana karya ta ruwa bai ɗauke ba, ganyen ya ruɓe ko ya kakkaɓe kafin a tara. Ko wanda aka tara da kyau, furotin ɗinsa bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, alhali saniya na buƙatar kamar kashi 7 kafin ma ta riƙe jikinta. Harawar wake da ta gyaɗa sun ninka haka. Shi ya sa dabbar da aka bari da karan masara zalla take ramewa ko da cikinta a cike yake.

Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne an riga an gwada hanya. A wake, masanan IITA na tashar Kano tare da cibiyar binciken dabbobi ta ILRI sun fitar da iri mai ba da tsaba da harawa a lokaci guda, manoma kuma sun karɓa. A masara, binciken ILRI da cibiyar CIMMYT a Habasha da Tanzaniya da Indiya ya nuna iri ya bambanta sosai wajen ingancin kara, kuma ana iya zaɓen mai kyawun kara ba tare da an rasa tsaba ba. Akwai irin da ganyensa ke zama kore har goyo ya ƙosa. Tunda an kafa ma'aikatar raya kiwo ta tarayya a 2024, abin da nake fata shi ne ta zauna da IAR da NAPRI, ya zama duk sabon irin da za a saki an auna karansa an rubuta a jikin leda, kamar yadda ake rubuta kwanakin nuna.

KAFIN KA SAYI IRI

Daga wannan tarihi tambayoyi huɗu nake ganin mutum zai yi wa kansa. Ta farko, kwana nawa damina ke yi a inda gonarka take? Duba hasashen da NiMet ke fitarwa kowace shekara, ka tambayi tsofaffin ƙauyen. Mai dogon zango ya fi ba da tsaba da kara idan ruwa ya kai shi, idan kuwa ruwa ya ɗauke yana fure, ka tashi a tutar babu. Wanda ya makara da shuka, ko a Saminaka yake, mai gajeren zango ya fi masa.

Ta biyu, taki nawa aljihunka zai ɗauka? Abin da aka saba ba da shawara ga mai aure shi ne kimanin buhu 8 na kamfa da kusan 3 na yuriya a hekta guda. Idan rabin haka za ka iya, ko dai ka rage gonar ka ciyar da ita sosai, ko ka nemi irin da ba mai aure ba wanda kuɗinsa ya fi sauƙi. Tan 8 ko 10 da ake rubutawa a talla, a gonar gwaji aka same su. Matsakaicin abin da ƙasar nan ke samu bai wuce tan 2 da 'yan kai a hekta ba.

Ta uku, mene ne ciwon gonarka? Idan ƙuduji ne, nemi mai jure shi, ka kuma riƙa juyawa da waken suya, yana rage ƙwayar ƙudujin a ƙasa, yana ƙara mata ƙarfi. Idan tsutsa ce, lissafa kuɗin feshi a cikin kuɗin iri.

Ta huɗu, wa zai ci? Idan tuwon gida ne da ajiya, fara mai taurin ƙwaya wadda ɓawonta ya rufe bakin goyo ruf, don ta fi jure ƙwari da ruɓewa. Idan masu kaji za ka sayar wa, ruwan ɗorawa. Idan kana da dabbobi, duba mai yawan ganye da ke daɗewa kore, ka yanke karan da zarar ka karya masara, ka shanya a inuwa a sama, ka haɗa da harawa da dusa wajen bayarwa. Mai gajeren zango da aka bi bayansa da wake a cikin kunya yakan ba ka masara da wake da harawa a damina guda. Mai shanun madara da ke da ruwa, ya ware wani yanki don sailej, ya yanka lokacin da ƙwaya ta fara tauri amma kara na kore.

Abu na ƙarshe, a kula da jabu. Hatsin kasuwa da aka shafa wa jan launi aka ƙulla a leda ya jefa mutane da yawa cikin asara. Hukumar kula da iri ta ƙasa ta sa tambarin da ake kankarewa a tura lambar ta waya don tantancewa, a yi amfani da shi. Kafin shuka, ɗebi ƙwaya 100 ka sa a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako guda ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Kuma kada a zuba gona gaba ɗaya a kan irin da ba a taɓa gwadawa ba, a ba shi 'yan kunyoyi bana, idan ya yi sai a faɗaɗa baɗi.

Waɗanda suka gwada wani iri suka ga yadda karansa ya karɓi dabbobi, don Allah ku faɗa mana sunan irin da yankin da kuka shuka shi, wasu su amfana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo zaman lafiya a gonakinmu da dazukanmu. Amin.